Muryar Yaya Habi a Tashar Nasim

An ce mana canjin jirgi kawai za mu yi a Riyad. Mutumin da ya yi mana takardu a Damagaram ya dafa ƙirji ya rantse cewa shara za mu riƙa yi a wani asibiti a Madina, wai daga tagar ɗakinmu ma za mu riƙa hango hasumiyar masallacin Annabi. Da muka sauka sai wani dogon mutum ya tare mu, ya karɓe fasfunanmu ya zuba a leda, ya nuna mana wata farar bas. Muna cikin tafiya wata a cikinmu ta tambayi direban yaushe jirgin Madina zai tashi. Direban Bahaushe ne, wani Malam Sale mutumin Haɗeja. Ya dube mu ta madubi ya ce, "Ku yi haƙuri, bayin Allah. Kun iso."

Mata da yawa suka fashe da kuka. Ni ban yi ba. Na ji zafin ƙaryar da aka yi mana, amma can ƙasan zuciyata wani abu ya kwanta, domin daga Riyad ne yayata Habi ta yi mana waya ta ƙarshe.

Yaya Habi ce ta goya ni. Ina budurwa ta tafi aikin gida a Saudiyya. Da farko tana kira, tana aiko da turare da atamfa, daga baya sai shiru. Shekaru suka yi ta wucewa. Aurena ya mutu na dawo gida Matamaye, na tarar ciwon suga ya cinye wa Inna ido. Duk wanda ya dawo daga Umara sai ta sa an ja ta zuwa gidansa ta tambaye shi ko ya ji labarin Habsatu, wato Yaya Habi. Don haka da na kira gida na ce ga inda aka ajiye ni, Inna ba ta ko tambayi abin da ya sa ba. Cewa ta yi, "Zuwaira, Allah ne ya kai ki. Ki nemo min ita."

Kamfanin da ya ɗauke mu, wanda kowa ke ce wa shirka, hayar mu yake bayarwa gida-gida. Da safe bas ta ajiye ki a wannan gida, da azahar ta kwashe ki ta kai ki wancan. Masaukinmu can gabashin gari yake, bayan unguwar Nasim, ɗaki ɗaya da gadaje masu hawa, ni da 'yan Uganda da 'yan Kenya da wata 'yar Filifin mai yawan kuka in ta ga hoton 'ya'yanta. Wani gidan a ba ki shayi da dabino, wani gidan ko ruwa sai kin sha a famfon bayan gida. Sinadarin wanke-wanke ya ɗaye min fatar hannu har alwala ta zama aiki. Na koyi Larabcin umarni kafin na gaisuwa: yi sauri, goge nan, ba haka ba, sake.

A haka wa zan tambaya? Garin ba a tafiya da ƙafa a cikinsa. Katanga ce bayan katanga, kowace ƙofa a rufe.

Malam Sale ne ya ce in gwada unguwar Al-Ud, kusa da Baɗaha, inda mutanenmu suka yi yawa. Ranar wata Juma'a ya rage min hanya. Aka nuna min gidan wata Hajiya Ladi da ke dafa wa leburori tuwo da masa. Ina faɗin sunan yayata ta tafa hannu.

"Habi 'yar Matamaye? Wata doguwa? Ai na san ta kamar yunwar cikina. Zauna, 'yata. Zan aika a nemo ta. Kafin nan ɗan kama min wankin tukwanen nan."

Na kama. Juma'a ta gaba ta ce an ga Habi a unguwar Manfuha, amma wanda ya san gidan ya yi tafiya. Ta gaba kuma wai ta tashi daga can. Ranar hutuna guda a mako na riƙa ƙarar da ita a tsugune gaban tukwanen Hajiya Ladi, ina murna ina kusa da 'yar'uwata. Sai da sanyi ya wuce zafi ya shigo sannan wata mata da ke yanka mata albasa ta matso kusa da ni, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ƙanwata, ba ta san yayarki ba. Bara ma haka ta yi wa wata 'yar Maraɗi mai neman mijinta."

Na ɗauraye hannuna na yafa mayafi na fita. A bakin katangar maƙabartar Al-Ud na tsaya jiran mota, a nan ne karo na farko na ce a raina wataƙila Yaya Habi tana cikin irin wannan wuri, ba wanda ya san sunanta.

Bayan shekara aka sauya min aiki, aka kai ni wani ƙaramin asibiti a unguwar Shumaisi ina goge daɓe. Ya fi gida-gida sauƙi, amma nisa ne tsakanin gabas da tsakiyar gari. A daidai lokacin jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki, sai shirka ta janye mana bas, ta ba kowa kati ta ce ya kai kansa. Malam Sale ma aka mayar da shi wani gari, ban sake ganinsa ba.

Daga masaukinmu nakan hau layin da suke kira banafsaji, mai launin shunayya, in sauka a tashar Nasim, in canza zuwa layin burtuƙali, mai ruwan goro, shi ke shiga cikin gari. Tashar nan ban taɓa ganin wuri irinta ba. Layi biyu ne suka haɗu, kowane da nasa dandamalin, da matakala masu tafiya da kansu. Jirgin ba shi da direba. Ya tsaya, ƙofofin gilashi su buɗe, ya amayar da mutane ya haɗiye wasu. Da safe duk Riyad ta ma'aikata ce ke bi ta nan: 'yan Bangaladash da bokitin fenti, nas-nas 'yan Indiya, ɗalibai mata da jakunkuna, samarin gari da farar riga suna kallon waya. Ba mai kallon wani. In kika tsaya a ture ki.

Ranar farko na ɓata. Na hau na sauka, na sake hawa, na dawo inda na fara. Na tsaya a gindin matakala, sai wata budurwa mai kayan ma'aikatan tasha ta zo. Sunanta Nauf, 'yar garin ce. Ta tambaye ni ina za ni, na ce Shumaisi. Ta kama hannuna, wannan hannun nawa mai kaushi, ta kai ni har inda mata da iyali ke shiga. Ta nuna min launin da ke ƙasa ta ce, "Ki bi wannan kawai, Khala." Khala, wato 'yar'uwar uwa a Larabci; tun da na zo ba ɗan ƙasar da ya kira ni da sunan dangi sai ita.

Daga nan rayuwa ta zama hawa da sauka. Ina tsaye a jirgi barci na fizgata. Duk Juma'a in kira wayar ƙanenmu a kai wa Inna, ta ce, "Ya ya?" in ce, "Tukuna, Inna." Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi min goge daɓen asibiti nauyi.

Wata ranar Talata da yamma ina dawowa, na sauko daga burtuƙali ina ratsa cunkoso, sai na ji wata mata a bayana tana cewa, "Ke dalla kama min hannu, kina tafiya kamar an jiƙa ki!"

Na daskare. Hausa nakan ji jefi-jefi a tashar, ba ita ce ta tsayar da ni ba. Maganar ce. Da wannan maganar Yaya Habi ke kora ni rijiya ina yarinya, da wannan muryar mai ɗan kaushi. Na juya. Baƙaƙen abaya ne ko'ina, fuskoki a rufe. Can na hango wata doguwa ta ja wata ƙaramar yarinya mai kitso da duwatsu sun shiga jirgin da na fito daga cikinsa. Na kutsa ina ture mutane. Ina isa gilashin ya rufe. Na buga shi da tafin hannu ina kiran sunanta, jirgin ya ja ya tafi.

Ban faɗa wa Inna ba. Na ji tsoron in ɗaga mata rai a kan murya.

Tun daga ranar na zama 'yar tasha. In na tashi aiki ba na wucewa masauki, sai in tsaya a bakin matakalar da ke haɗa layukan biyu ina duba duk macen da ta riƙo yarinya. Da safe ma nakan bar jirgi ya wuce, in bar na bayansa, ko Allah zai sa. Na fara makara. Mushrifa, wato shugabarmu a wurin aiki, ta kira ni ta ce in na sake za ta mayar da ni gida-gida. Na ce to. Washegari na sake.

Wani mai gadin tasha ya lura da ni, ya zo yana tambaya cikin faɗa me nake yi kullum a nan. Ya ce in kawo iƙama, katin zamana. Ina lalube a jaka sai ga Nauf. Ta yi masa magana ya tafi. Ta ja ni gefe ta ce, "Khala, lafiya?"

Da guntun Larabcina na haɗa mata labarin. 'Yar'uwa. Shekaru. Uwa ba ido. Murya. Yarinya mai duwatsu a kai. Ban san nawa ta fahimta ba, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Ta shiga ɗakinsu ta fito da kujerar roba ta ajiye min kusa da ginshiƙi, inda ake ganin matakalar duka. Daga ranar in ta gan ni sai ta fito da kujerar, wani lokaci da gorar ruwa.

Makonni suka wuce. Zafi ya kai inda in kika fito daga tasha kamar an buɗe miki tanda a fuska. Ƙafafuna suka kumbura. Na fara cewa ko kunnena ne ya yaudare ni, ko gajiya ce ta sa na ji abin da nake so in ji. Wata ranar Alhamis na yanke cewa daga yau na daina. Na sauko ina nufin wucewa kai tsaye, sai Nauf ta taho da sauri ta kama min hannu.

"Ta'ali, zo! Suna can ƙarshen dandamali. Yarinya mai duwatsu."

Muka tafi tare, kuma nan ne kuskuren. Matar tana zaune a benci, yarinyar na jingine da ita. Ta ɗago ta ga mai kayan ma'aikata ta nufo ta tana nuna ta da yatsa. Wuf ta miƙe, ta suri yarinyar ta yi matakala da gudu. Na bi ta. Ita tana hawa tana ture mutane, ni ina baya numfashi na neman ƙare min. Na san in ta kai sama ta shige jirgi shi ke nan, ba za ta ƙara biyowa ta tashar nan ba har abada. Na buɗe baki da duk ƙarfina na ce, "Habin Inna! Ni ce Zuwaira! Zuwairan Matamaye!"

Duk matakalar aka juyo ana kallona. Ita ba ta juyo ba, amma ta daina hawa. Matakalar ce ta ƙarasa da ita sama. Na tarar da ita tsaye ta ba ni baya, yarinyar na kuka a kafaɗarta. Na zagaya gabanta. Ta ɗaga niƙabinta a hankali.

Ta tsufa fiye da shekarunta. Kumatunta sun faɗa, haƙorinta ɗaya na gaba babu. Ta dube ni ta ce, "Me ya kawo ki ƙasar nan, ke kuma?"

Muka zauna a benci. Jirage na zuwa suna tafiya, mu muna nan. Nauf ta tsaya daga nesa, ba ta matso ba, ta gane abin da ya faru. Yaya Habi ta ba ni labari a gutsure. Gidan da aka kai ta sun riƙa ba da aron ta ga 'yan'uwansu, ta yi aiki a nan ta yi a can, ba hutu. Suka karɓe mata waya. Wata rana ta fita zubar da shara ba ta koma ba. Maigidan ya kai rahoton ta gudu, daga nan ta zama marar takarda. Mutanenmu suka ɓoye ta. Ta auri wani mai wankin mota ɗan Tasawa, da waliyyi da shaidu, amma ba a rubuce ba. Tana da ciki aka kama shi a wani samame aka mayar da shi gida, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Yanzu wanki da guga take yi a ɓoye a wasu gidaje. Yarinyar sunanta Amal.

Na ce, "Yaya, ko waya? Ko sau ɗaya?"

Ta ce, "Da farko na ce sai na samu abin aikawa. Wata ya zama shekara. Daga baya kunyar shirun ta fi ta rashin. In ce wa Inna me? Na tafi in ɗauke mata wahala, na ƙare da 'yar da ko takardar haihuwa ba ta da ita?"

"Inna ba ta gani yanzu," na ce. "Suga ya tafi da idon."

Ta toshe baki da mayafi.

Na ciro waya. Ta riƙe min hannu ta ce in bari sai wani lokaci, sai ta shirya. Na ce, "Yaya, kin girme ni, ban taɓa yi miki musu ba. Yau zan yi." Na kira ƙanenmu na ce ya kai wa Inna. Na ɗora wayar a kunnen Yaya Habi.

Na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana cewa, "Zuwaira? Yau ba Juma'a ba, lafiya?" Yaya Habi ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Lasifikar tasha na ta sanar da jirgi mai zuwa. Shiru ya yi tsawo har na zaci layin ya yanke. Sai Inna ta ce, "Habsatu. Ina jin numfashinki. Ni na haife ki."

Kukan da Yaya Habi ta yi, wata dattijuwa Balarabiya da ke wucewa sai da ta tsaya ta dafa mata kai tana addu'a, ba ta san mu ba, ba ta san me ya faru ba. Inna ba ta tambayi komai ba. Da aka ce mata akwai jika sai ta ce a ba ta. Amal ta karɓi wayar tana kallonmu. Hausa tana ji, amma ba ta mayarwa. Uwarta ta ce, "Ce ina wuni, Inna." Yarinyar ta ce, "Marhaba." Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Oho, Balarabiya aka haifa min."

Ban daɗe da sanin Amal ba na lura ƙirjinta na kuka in ta yi gudu. Ba asibitin da za a kai ta ba tare da an tambayi takarda ba, makaranta kuwa ba a ma maganarta. Na yi ta yi wa Yaya Habi magana har ta yarda ta miƙa kanta. Muka yi ta zirga-zirga zuwa Unguwar Ofisoshin Jakadanci, a tsaya a layi a rana, a kawo shaidun auren, a kawo wanda ya san ranar haihuwar. Wani tsoho mai gadi ɗan Mirriya yakan ba mu inuwar rumfarsa. Da takardun suka fito aka kai su tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Sun yi makonni a can. Ba a bar ni na raka su filin jirgi ba. Ina cikin goge daɓe ƙanenmu ya kira ya ce sun iso, Inna na shafa fuskar Yaya Habi da hannu biyu tana lissafa abin da ya canza.

Ni kuwa mushrifa ba ta manta makarar da na yi ta yi ba. Ba ta mayar da ni gida-gida ba, amma ta ɗauke min hutun Juma'a na tsawon lokaci. Nauf ma aka sauya mata tasha. Na tambayi abokan aikinta, suka ce tana can arewacin gari, wajen da ban taɓa zuwa ba. Ban samu na yi mata godiya yadda ya kamata ba, sai dai ina sa ta a addu'a.

Har yau ina nan. Yanzu bakin da ke jirana a gida ya ƙaru, don haka na sabunta kwantiragi. Kullum ina canza jirgi a Nasim, in bi launin ƙasa kamar kowa, ba na duban fuskar kowa. Gwiwata ta fara ciwo. Wani lokaci in na zauna a jirgi sai in rasa safiya ce ko yamma, sai na duba ko kayan aikina a jiƙe suke.

An ce da farko Amal ta sha wahala a Matamaye. Ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, kullum tana tambayar ina na'urar sanyi, yara na yi mata dariya in ta yi magana. Na damu ƙwarai, har na fara tunanin ko mun cuce ta.

Shekaranjiya da safe ina tsaye a dandamali cikin cunkoso saƙon murya ya shigo daga wayar ƙanenmu. Na kara a kunne. Na ji kukan zakara, na ji Inna daga nesa tana cewa, "Faɗa mata, faɗa mata da kanki." Sai wata 'yar murya cike da fushi ta ce da Hausa tsantsa, irin ta Damagaram:

"Khala Zuwaira, akuyar Inna ta cinye min takalmi. Ki zo ki yi mata faɗa!"

Na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai a tsakiyar mutane, har wata nas ta ja baya tana kallona. Ƙofofin suka buɗe, suka rufe, jirgina ya tafi ya bar ni. Na nemi benci na zauna na sake saurara.